Yadda ake tattakin Seven Sisters daga Seaford zuwa Eastbourne a yini ɗaya

Mu a gida in aka ce bazara abin da ke faɗo maka a rai shi ne zafin Afrilu, kwana a tsakar gida, ruwan randa ya ɗumame, mangwaro ya cika kasuwa ana jiran hadari ya haɗo. To a nan Ingila watannin dai su ne, Maris, Afrilu, Mayu, amma abin a juye yake, lokacin ne mutane ke fitowa daga wahalar sanyi da duhu, rana ta fara daɗewa ba ta faɗi ba, ciyawa ta yi kore shar, tumaki na ta haihuwa. Kuma abin da na lura da shi, mu 'yan Arewa da muka zo karatu ko aiki sai mu ƙare shekara biyu daga ɗaki sai makaranta sai wajen aiki sai masallacin Juma'a, in an yi yawo da yawa a je Oxford Street a ɗau hoto. Mutum ya koma gida a tambaye shi ya Ingila take, gaskiya Landan kawai ya sani, Landan ɗin ma ta ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa na ce bari in rubuto yadda ake wannan tattaki na bakin teku, don na yi shi ba sau ɗaya ba, kuma kusan duk kuskuren da ake yi na yi shi da kaina.

Wurin yana kudancin Ingila ne, a yankin East Sussex, cikin gandun South Downs wanda aka ayyana a 2010. Seven Sisters ɗin, wato 'yan'uwa mata bakwai, wasu tuddai ne na farin alli a jere, teku ta yanke su a tsaye kamar an sa wuƙa an yanka burodi, sai ka bi ta samansu kana hawa kana sauka. Daga Seaford zuwa Eastbourne wajen mil 13 zuwa 14 ne, wato kilomita 21 da ɗoriya, kuma mai tafiya daidai wa daida da hutawa da ɗaukar hoto zai ci awa 6 zuwa 7. Kar lambar ta ruɗe ka ka ce ai ni a ƙauyenmu na saba zuwa gona da ƙafa. Ba tsawon ba ne matsalar, hawa da gangaren ne, sai kuma iska.

Mataki na farko: zaɓen rana

Wannan shi ne rabin aikin wallahi. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu ya fi, don ranar Lahadin ƙarshe ta Maris ake tura agogo gaba da awa ɗaya, daga nan rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8 na dare, zuwa ƙarshen Mayu ma har kusan 9. Ka ga ke nan kana da sarari, ba ka tafiya kana kallon agogo. A Maris ma ana yi amma laka ta yi yawa a gefen kogi, kuma sanyin bai gama sakin mutane ba.

Kwana biyu kafin ranar ka buɗe manhajar Met Office, hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, ka duba Seaford ko Eastbourne, ba Landan ba, don sau da yawa Landan na rana can kuma hazo ya rufe ko'ina. Kuma kar ka tsaya kan hoton rana ko girgije kawai, ka leƙa ƙarfin iska, musamman wanda suke nunawa na bugawar iska lokaci lokaci. In ka ga ya kai mil 40 a awa ni dai shawarata ka ɗage, wurin ba inda zai je. A saman tuddan nan babu bishiya ko ɗaya da za ta tare maka, iska ce tun daga tekun Atlantika take tahowa ba wanda ya ce mata sannu. In kana da hali ka je ranar aiki, don Asabar ɗin da aka yi rana mutane kamar ana rabon zakka. Lahadi kuma ka yi hattara, ranar suka fi gyaran layin dogo, sai ka je tasha a ce maka bas ne zai maye gurbin jirgi, tafiyar awa ɗaya da rabi ta koma uku.

Mataki na biyu: tikiti, da tarkon sunan nan

Bari in fara da tarkon. Akwai wata tasha a arewacin Landan, wajen Tottenham, a layin Victoria, ita ma sunanta Seven Sisters. Wani abokina ɗan Zariya da muka yi alƙawarin haɗuwa ya rubuta sunan a taswirar waya ya bi abin da ta ce, can sai ga kiransa wai ya iso amma shi bai ga teku ba, shaguna kawai yake gani da masu aski. Har yau in mun haɗu sai an tada zancen. Don haka Seaford za ka rubuta.

Jirgin kamfanin Southern ne daga London Victoria, za ka sauka a Lewes ka canja zuwa ƙaramin jirgin da ke zuwa Seaford, nan ne ƙarshen layin, duka duka wajen awa ɗaya da rabi. Dawowa kuma daga Eastbourne akwai jirgi kai tsaye zuwa Victoria, shi ma kusan haka. Tunda ba inda ka sauka za ka hau ba, dabarar ita ce ka sayi tikitin zuwa da dawowa na Eastbourne, tunda ta Lewes jirgin ke bi, sai ka ƙara ɗan tikitin zuwa kawai daga Lewes zuwa Seaford. Sau da yawa ya fi sayen tikitin zuwa Seaford daban da na dawowa daga Eastbourne daban sauƙi. In kana da katin rangwame na 16-25 Railcard ko Network Railcard ana iya cire maka kashi ɗaya cikin uku, ya danganta da lokacin jirgin, in kuma ku uku ne zuwa tara ku nemi GroupSave, rangwamen masu tafiya a rukuni, shi ma haka ne, sai dai dole ku shiga jirgi tare ku dawo tare, ba wai ɗaya ya ce shi ya gaji ya yi gaba. Katin Oyster na hawa jirgi da bas a Landan ba ya aiki can, kar ka je kana danna shi a ƙofa. Ka yi ƙoƙari ka kasance a Seaford kafin 10 na safe.

Me ya sa daga Seaford ba daga Eastbourne ba? Dalili biyu. Iskar yankin yawanci daga kudu maso yamma take zuwa, in ka nufi gabas tana bayanka tana tura ka maimakon ta riƙa marinka a fuska yini guda. Na biyu, kyan tuddan a gabanka yake, kana tafiya kana kallonsu, sannan ka ƙare a babban gari mai abinci da jirage da yawa.

Mataki na uku: kaya

Takalmi tukuna. Kambas mai ƙwari wanda ƙasansa ke da kaushi ya isa in ƙasa a bushe take, amma wanda ka saba sawa, ba sabo fil da ka saya jiya ba, sabon takalmi a mil 14 kumburi da ɓawon ƙafa kawai zai ba ka. Alli in ya jiƙe santsinsa kamar kuɓewa. Silifas da takalmin zuwa biki a bar su a gida dan Allah. Safa mai kauri, in da hali ka jefa ta biyu a jaka.

Tufafi kuma hawa hawa ake sawa: riga marar nauyi a ciki, suwaita a kai, sai jaket mai tare iska da ruwa a waje. Dalili, kana hawan tudu gumi zai karyo maka ka cire, ka kai sama ka tsaya minti biyar sanyi ya shige ka har ƙashi ka mayar. Babban jaket ɗin hunturu guda ɗaya ba ya wannan aikin, ko dai ka dahu a ciki ko ka ɗauke shi a hannu kamar jariri. Lema ba ta da amfani ko kaɗan, iska za ta juye ta. Hula ma a yi hankali, zanna bukar ɗinka mai tsada in ta tashi sai dai Faransawa su tsince ta. 'Yan'uwa mata, dogon hijabi mai faɗi da abaya mai jan ƙasa suna wahalarwa sosai a nan, iska na cika su kamar tanti. Matar abokina da muka je da ita ta ce abin da ya yi mata shi ne wando mai faɗi da doguwar riga zuwa gwiwa, da ƙaramin hijabi da ta cusa cikin jaket ta ja zif.

A jaka: ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, abincin rana, dabino, gyaɗa, in kana da kilishi ko dambun nama da aka aiko maka to ranar amfaninsa ta zo. Fulas ɗin shayi mai citta, wannan kam ba na barinsa, a saman tudu ya fi komai daɗi. Ƙaramar gora daban da za ta zama buta. Sallaya marar nauyi irin ta aljihu. Pawa bank, don hoto da taswira na cinye caji. Man leɓe ko man kaɗe, iskar nan na fasa baki tamkar hunturun Katsina. Kuma kar ka ce ni baƙi ne rana ba ta ƙona ni, farin allin nan da ruwan teku suna maido da hasken a fuska, da daddare za ka ji goshi na raɗaɗi. Sai leda ɗaya ta shara, don babu kwandon shara a saman tudu, abin da ka zo da shi da shi za ka koma.

Mataki na huɗu: daga tashar Seaford zuwa bakin kogi

Kana fitowa tasha ka gangara bakin teku, 'yan mintuna ne, in da abin da ka manta ka saya a shagunan garin yanzu don gaba sai ka yi nisa. Da ka iso ruwa ka juya hagu. Ka riƙe wannan ƙa'idar yini guda: teku na hannun damanka. In ka ga ta koma hagu to ka juya baya ne.

Bakin tekun ba yashi ba ne, tsakuwa ce. Za ka wuce wata hasumiya gajeriya mai zagaye, Martello, cikin waɗanda aka gina farkon ƙarni na 19 lokacin ana tsoron Napoleon zai tsallako daga Faransa, yanzu gidan tarihi ne. Akwai banɗaki a wajen, ka yi amfani da shi. Daga ƙarshen titin bakin ruwa sai hawan farko, Seaford Head, gefen filin wasan golf, kuma a nan ne kowa ke gane matsayinsa. Mai cika baki a jirgi a nan yake yin shiru. Ka hau a hankali, gajerun taku, kar ka yi gasa da tsofaffin Turawan nan masu sanda biyu, 'yan shekara 70 ne amma za su wuce ka suna hira, ka bar su.

Bayan ka kai sama hanya ta miƙe, sai ka fara gangarawa wajen Hope Gap, daga nan kuma ba zato sai ga su nan a gabanka a jere, farare tas, ga wasu tsofaffin gidajen masu gadin teku a ƙasa, Coastguard Cottages. Wannan shi ne hoton da kake gani a ko'ina. A nan za ka ɗau hotonka, don da zarar ka hau kan tuddan ba za ka ƙara ganinsu haka ba, wanda ke kan raƙumi ai ba ya ganin tozonsa da kyau. Ka zauna ka sha shayi. Za ka ga bencina na katako da ɗan ƙarfe a jiki an rubuta sunan wani da ya rasu, da shekarunsa, wani lokaci a ƙara da cewa yana son wannan wurin. Iyalansa ne suka biya aka sa don baƙo ya zauna ya huta. Farkon ganina sai na tuna randar ruwa da ake ajiyewa a ƙofar gida a ce ladan ya kai wa mamaci. Ban san niyyarsu ba amma na zauna, na kuma ji daɗin zaman.

Mataki na biyar: kogin Cuckmere, kar ka yanke

Ga inda ake yin wauta. Daga gidajen nan za ka ga tudun farko kamar ka miƙa hannu ka taɓa, abin da ya raba ku ɗan kogi ne da ke shiga teku. Babu gada a bakin. Za ka ga wasu sun cire takalma suna tsallakawa in ruwa ya janye, zuciyarka za ta ce kai ma yi mana. Kar ka yi. Ruwan sanyi ne da shi kamar ƙanƙara, yana da ja, ƙasan duwatsu ne masu santsi, kuma tekun nan ba kamar kogin garinku ba ne da ka san halinsa, sau biyu a yini take cika ta janye, in ta fara dawowa kafin ka ankara inda ke idon sawu ya kai ƙugu. Mu da yawancinmu ba mu iya iyo ba, me ya yi zafi.

Ka bi gefen kogin zuwa cikin ƙasa har gadar Exceat, inda babban titin A259 ya ratsa, akwai gidan cin abinci a jikin gadar. Ka tsallaka, ka bi gefen titi kaɗan zuwa cibiyar baƙi ta Seven Sisters Country Park, nan akwai banɗaki da wurin shan shayi da tashar bas. Zagayen zai ci maka kusan awa ɗaya zuwa da komawa bakin teku, amma ba asara ba ce, fadama ce shimfiɗaɗɗiya, tsohon kogin ya yi ta lanƙwasa kamar maciji, ga agwagin ruwa ga balbela ga tumaki da 'ya'yansu sabbin haihuwa suna tsalle. In ka yi alwala a nan ka huta, don daga nan har Birling Gap babu famfo babu shago babu inuwa.

Af, maganar ƙofofi. Hanyar nan ta cikin makiyayar mutane take bi, doka ce ta ba kowa damar wucewa, kusan kamar burtali a wajenmu sai dai wannan na mutane ne, dabbobin ne a killace. Duk ƙofar da ka buɗe ka rufe, kar ka kusanci ɗan rago don hoto, uwar na iya gudu ta bar shi, in ka ga shanu da maruƙa ka ba su hanya ka zagaya. Karnuka kuma sai haƙuri, kusan kowa da nasa, wasu ma ba igiya. Na san yadda muke da kare. Kar ka gudu kar ka yi ihu, tsaya cak ka kau da kai, mai shi zai kira shi ya ba ka haƙuri. Wani abin mamaki kuma, Baturen da a jirgin ƙarƙashin ƙasa ba zai ko kalle ka ba, a nan sai ya yi maka murmushi ya gaishe ka har ya tsaya yi maka zancen yanayi. Ka amsa, ba komai yake nema ba.

Wanda ya san ƙafarsa ba za ta kai mil 14 ba, ko mai yara, to a nan zai fara: bas lamba 12 da ke tsakanin Brighton da Eastbourne yana bi ta Seaford ya tsaya a Exceat, sai ka sauka ka yi tuddan kawai.

Mataki na shida: 'yan matan bakwai

Ka koma bakin teku ta gabashin kogin ka kama hawan Haven Brow, ita ce ta farko kuma ita ce babbar yaya, ta fi sauran tsayi. Daga nan sai hawa da sauka, hawa da sauka, kowace da sunanta, su Short Brow, Rough Brow, Brass Point har zuwa Went Hill. Kar ka wahalar da kanka da ƙirga, kowa na rikicewa, kuma in ka ƙirga da kyau ma takwas za ka samu. A ta huɗu za ka rantse ta shida ce. Gangaren ya fi hawan cin gwiwa, don haka kar ka saki jiki ka ruga, ka ɗan karkace kana sauka a gicciye.

Yanzu maganar da ta fi duk abin da na rubuta muhimmanci. Babu shinge a bakin. Ciyawa ce kawai sai ta ƙare, sai iska, sai duwatsu can ƙasa. Kuma allin nan ba dutse ba ne irin na Dala ko Zuma, abu ne mai taushi, asalinsa ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka taru a ƙasan teku shekaru miliyoyi, ruwan sama na shiga cikinsa, igiyar ruwa na cin gindinsa, sai kawai wani yanki ya ɓalle ba sanarwa. Farin da kake gani ma dalilinsa ke nan, kullum sabon wuri ne ke buɗewa. Inda kake ganin ƙasa ce mai ƙwari wataƙila ƙarƙashinta rami ne, leɓe ne kawai ya rage. Masu kula da wurin na cewa a bar aƙalla mita 5 daga baki, ni ina ninka wannan. Za ka ga masu zama a baki suna lilo da ƙafa ana ɗaukarsu hoto, mutane sun mutu a haka a wurin nan. In da yaro a tare da kai hannunsa na cikin naka. Haka in ka sauka bakin ruwa kar ka zauna a gindin tudun don inuwa, daga sama abin ke faɗowa. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, 999 za ka kira ka ce a haɗa ka da Coastguard.

Ban da wannan, ka buɗe kunnenka. Akwai wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa da ke tashi sama ya tsaya wuri ɗaya yana ta rera kuka ba numfashi, sai ka yi ta neman inda yake ba ka gani. Akwai wata ƙaya mai fure rawaya, in rana ta buge ta ƙamshin kwakwa take yi, ka sunkuya ka shinshina ka ji. Ni a tsakanin tudu na uku da na huɗu nake yin azahar, in sami ɗan kwari nesa da baki inda iska ta yi sauƙi. Bayan an canja agogo azahar na shiga wajen ƙarfe 1, alƙibla kudu maso gabas, manhaja za ta nuna maka. Ka danne sallayar da jaka da takalmi in ba haka ba kana ruku'u za ta yi gaba, kuma ka duba kashin tumaki kafin ka shimfiɗa. Ba wanda ya taɓa ce min komai, iyaka su ɗan zagaye su wuce. Zancen ƙasaru da haɗa salla kuwa ka tambayi malaminka tun kafin ka fito, ni ba zan yi fatawa a nan ba.

Ban san yadda zan kwatanta ba, amma mutumin da ya tashi inda ruwa mafi girma da ya sani shi ne dam ɗin Tiga, ya sallame salla ya ga ruwa har inda ido ya ƙare, ba gini ba mota ba ƙarar komai sai iska, akwai abin da yake ji. Na fi wata shida ina fama da kewar gida da takardun makaranta da kuɗin haya, ranar ce ta farko da na yi awa uku ban tuna ko ɗaya ba.

Mataki na bakwai: Birling Gap, inda ake yanke shawara

Da ka sauko daga ta ƙarshe sai Birling Gap, ƙungiyar National Trust ke kula da shi. Akwai banɗaki, wurin shayi da kek, da matakala ta ƙarfe da ke sauka bakin ruwa. Ka dubi jerin tsofaffin gidajen da ke bakin gaɓa, da sun fi haka yawa, teku na matsowa ana rushe su ɗaya bayan ɗaya kafin su rufta. In za ka sauka ƙasa ka duba allon lokutan cikar teku tukuna, kuma kar ka yi nisa da matakalar, don in ruwa ya dawo babu wata hanyar hawa.

A nan ka tambayi ƙafarka gaskiya. Ka yi fiye da rabi amma akwai sauran aiki, har da hawa mafi tsayi. In ka gaji, ko ƙarfe 4 ta wuce, ko hazo ya fara shigowa, ba abin kunya ba ne ka tsaya. Akwai bas 13X da ke biyowa ta nan amma ba kullum ba, ya danganta da rana da lokacin shekara, sai ka duba tun daga gida. In babu shi ka taka kamar mil ɗaya zuwa ƙauyen East Dean ka hau lamba 12 zuwa Eastbourne. Zuwana na farko haka na yi, saboda na sa sabon takalmi, shi ya sa ɗazu nake ta nanata maganar.

Mataki na takwas: Belle Tout, Beachy Head, sai gangara

In ka ci gaba, hawa na gaba zai kai ka Belle Tout, tsohuwar hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya da aka gina a shekarun 1830. A 1999 da gaɓa ta ci ta kusa isowa gindinta sai aka ɗaga ginin ɗungurungum aka ja shi baya mita 17, yanzu masauki ne ana kwana a ciki. Daga nan za ka hango ɗaya hasumiyar mai ja da fari can ƙasa a cikin ruwa, wadda ta fara aiki a 1902, kamar ɗan abin wasan yara saboda tsayin inda kake. Beachy Head mita 162 ne, babu gaɓar alli da ta kai shi tsayi a duk Birtaniya. Hawan ba shi da tsini sosai amma dogo ne, kuma ya zo lokacin da ƙarfinka ya ƙare, nan ne dabinon nan zai yi rana.

Za ka ga wasu ƙananan gicciye da furanni a gefen hanya, da allunan lambar waya, da wasu masu sintiri da riguna masu haske. Wuri ne da mutanen da duniya ta yi wa zafi ke zuwa don su halaka kansu, masu sintirin aikinsu ke nan su tare su su lallashe su. In ka zauna kai kaɗai ka yi shiru kusa da baki wani na iya zuwa ya tambaye ka lafiya, kar ka ji haushi. Kuma ba wurin wasa da dariyar tura juna ba ne.

Daga can sama Eastbourne za ta bayyana a gabanka gaba ɗaya. Gangaren ƙarshe yana da tsini, gwiwa za ta yi ta rawa, ka bi a sannu. Kuma kar ka yi murna da wuri, daga gindin tudun zuwa tsakiyar gari akwai sauran tafiya a shimfiɗaɗɗen titin bakin teku fiye da rabin awa kafin ka kai doguwar gadar shaƙatawa da ta shiga cikin ruwa, daga nan kuma ka yanka cikin gari zuwa tasha. In ƙafa ta ƙi, akwai bas na cikin gari, ka hau abinka.

Abinci: kifi da soyayyen dankali shi ne al'adar bakin teku, amma ka tambaya kafin ka saya, wasu na kwaɓa fulawar kifin da giya, wasu kuma da kitsen dabba suke suya ba man gyaɗa ko makamancinsa ba. Tambaya ce da suka saba ji, za su gaya maka. In ka karɓa kuma ka rufe shi da jikinka, fararen tsuntsayen tekun nan sun fi shirwar mahauta iya fizge, ta bayanka suke zuwa. Akwai masallaci a cikin garin in kana son ka yi magariba kafin ka hau jirgi, ka duba lokacin jirgin ƙarshe dai, kuma in da GroupSave kuka zo ku tattaro kanku wuri ɗaya.

A jirgi ka cire takalmi ka sa busasshiyar safar nan ta biyu. In ka isa gida kafin ka kwanta ka duba ƙafafu da bayan gwiwa ko kaska ta maƙale maka, tunda ka zauna cikin ciyawar da tumaki ke kiwo, in ka gani ka cire ta da ɗan hantsaki daga kai a hankali, kar ka matse cikinta. Washegari kuma kar ka sa wani aiki mai muhimmanci da safe, musamman in ɗakinka a bene yake, saukowa ce za ta ba ka labari.